Gonar gado a tsallaken iyaka: wace kotu za a nufa?

Wani bawan Allah daga wani ƙauye a ƙasar Maigatari ya aiko mini da tambaya. Mahaifinsu ya rasu bara, ya bar gida da gonaki biyu a nan, da wata babbar gona a ƙasar Dungas ta jihar Damagaram a Nijar. Baffansu ne yake noma waccan, kuma duk sanda aka taɓo maganar rabo sai ya ce a bari a sha ruwa tukuna. Shin zai iya kai shi kotun shari'ar Musulunci ta Maigatari a raba komai lokaci guda?

Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku. Gida da gonakin nan gida, alƙalin Maigatari zai raba muku, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara har Dutse. Ta Dungas kuwa ba huruminsa ba ce, domin ƙasa dokar inda take take bi. Ko ya yanke hukunci a kanta, ba wanda zai zartar a can sai wata kotun Nijar ta duba ta amince. Kuɗin mota da na lauya kawai za ka ƙona.

Dalilin ya samo asali tun zamanin Turawa. Mu a Najeriya tsarin Ingila muka gada, inda hukuncin babbar kotu yake ɗaure na ƙasa da ita, sannan muna da kotunan shari'ar Musulunci daban, waɗanda Jigawa da Kano suka faɗaɗa ikonsu a 2000. Su kuwa 'yan Nijar Faransa suka biyo, masu tattara doka cikin kundi tun 1804. Nijar ba ta da kotun shari'a ta daban. Sai dai dokarsu ta umarci alƙali ya yi aiki da al'adar masu ƙara a aure, saki, gado da rikicin gona, yana zaune da masu ba shi shawara da suka san al'adar. Al'adar Bahaushen Damagaram a gado kuwa Malikiyya ce, irin tamu: namiji rabon mata biyu, matan mamaci sumuni (kashi ɗaya cikin takwas) idan akwai 'ya'ya, kuma ɗan'uwan mamaci ba ya cin gado matuƙar akwai ɗa namiji.

Amma kafin ka yi murna, bincika wani abu da ya sha kayar da masu ƙara a gabana. Gonar ta mahaifinku ce shi kaɗai, ko ta kakanku ce da ba a taɓa rabawa ba? In ta kaka ce, baffa yana da nasa kason, sai an fara fitar da gadon farko kafin naku. Ka kuma gano yadda ta shiga hannunsa. A Malikiyya, bare da ya riƙe gona shekara 10 mai ita yana gani bai ce uffan ba, zai iya kafa hujja da hauzi, wato daɗewar gonar a hannunsa. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka nisa, aro kuma ba ya zama mallaka. Samo wanda ya san aro ne.

A Nijar ba a farawa da kotu. Dokar karkara ta 1993 ta ce rikicin gona sai ya bi ta hannun sarakuna: mai gari, sannan sarkin yankin. In an sasanta a rubuta takarda, in ya faskara a rubuta cewa ya faskara, da ita za ka shiga kotu. Ni dai sulhun nake fifita maka, baffa uba ne, kuma gobe kuna tare a kasuwar Alhamis. In an daidaita, kada ku tsaya a fatar baki. Ku je hukumar filaye da suke kira Kofo ta ba ku takardar shaida.

Ka tafi da wakilcin sauran magada a rubuce, da shaidar rasuwa, ka sa a mayar da su Faransanci. Ka nemi dattawa biyu cikin maƙwabtan gonar waɗanda suka san kan iyakarta. Kuma ka je tun da rani, don da zarar baffa ya zuba iri, da wuya wani sarki ya ce a taɓa gonar kafin kaka.