Amsa: Wai turawa kaɗai ne suka yi kiɗan rock?

Malam Abdul, ka ce duk dokumentarin rock da ka kalla fararen maza ne da gita, ka tambaya ko baƙar fata ba su da hannu a ciki. Wallahi suna da shi, daga tushe ma. Sister Rosetta Tharpe, baƙar mace ce daga Arkansas, tana kaɗa gitar lantarki tun kafin a san Elvis Presley, shahararren mawaƙin rock farar fata, amma sai 2018 aka saka ta a Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama gwarzayen rock, ita kuwa ta rasu tun 1973. Waƙar "Hound Dog" da ake yi wa Elvis kirari da ita Big Mama Thornton, wata baƙar mace, ce ta fara rerawa, shi sai 1956.

Matsalar masu shirya fim ce, hotunan da gidajen talabijin da kamfanonin faifai suka adana da su suke aiki, su kuma gidajen da kamfanonin fararen fata suka fi ɗauka a lokacin.

Nemi dokumentarin A Band Called Death na 2012, kan makaɗan rock 'yan'uwa uku baƙar fata daga birnin Detroit. Akwai kuma Rumble na 2017 kan makaɗa daga ƙabilun asali na Amurka irin su mai gita Link Wray, wannan kam ya fi burge ni.