Me ya sa finafinan lalacewar duniya ba sa tsufa?

Malam, ka tambayi abin da ke riƙe mutane a finafinan da ke hasko duniya ta lalace nan gaba. Ɗauki fim ɗin Blade Runner na darakta Ridley Scott, 1982. Ya nuna Los Anjeles a 2019: duhu, ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, motoci suna tashi sama, kamfani yana ƙera bayi masu kama da mutane. 2019 ta zo ta wuce, motoci ba su tashi sama ba, amma tsoron ƙarfin manyan kamfanoni yana nan daram.

Ni dai kiɗan ne ya kama ni. Vangelis, ɗan ƙasar Girka, ya haɗa shi da na'urar Yamaha CS-80 (abin kiɗa na lantarki mai madannai irin na fiyano), sautinta yana jan rai kamar kukan mai kaɗaici cikin dare. Sai 1994 faifansa na asali ya fito kasuwa, bayan shekara 12 masoya suna ta farautar kwafin bayan fage.