Amsa: Ko gurɓata ruwan unguwa tauye haƙƙin ɗan Adam ne?

Malam, ka tambaya ko mutanen da ke noman rani a bakin kogunan Kubanni da Galma a Zariya na iya kai ƙara idan an zuba dagwalo a ruwan, ko an yi gini a kan magudana har ambaliya ta ci gidaje, musamman yanzu da damina ke zuwa da ruwa mai ƙarfi a lokaci guda. Suna iya, amma a kula da ƙofar da za a bi.

Sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, sai dai yana cikin Babi na Biyu, wanda kotu ba ta tilasta shi kai tsaye. Nan wasu ƙararraki ke faɗuwa. Lauya mai wayo yakan haɗa shi da sashe na 33, haƙƙin rayuwa, da sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam, wadda Najeriya ta mayar doka. Kotu ta dogara da sashe na 33 da na 24 ɗin a shari'ar da Gbemre, wani mutumin yankin Neja Delta, ya kai kamfanin Shell a 2005 kan ƙona iskar gas.

Kafin kotu, a tara hujja: hotuna masu kwanan wata, takardun asibiti, da sakamakon gwajin ruwa. A ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta, a kai ɗakin gwaji ranar, don in ya kwana a zafi sakamakon yakan canza. Sannan a rubuta koke zuwa KEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Koken baki ba ya barin sawu.