Amsa ga mai son bin tsohon layin dogon Zariya zuwa Jos a ƙafa

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka cewa kai da abokinka kuna son ku bi tsohon layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Jos a ƙafa, ku kuma hau duwatsun da ke gefe, kana tambaya ko akwai wanda ya taɓa yi. To ni na yi, amma ba duka ba, ɓangaren Jengre, wani gari a jihar Filato, kawai muka taka ni da wani mutumina da muka yi makaranta tare, shi ne ma ya ja ni dan ni da farko cewa na yi wannan ai aikin marasa aikin yi ne.

Abu na farko, cire rai da ganin ƙarfen dogo. Babu. Layin nan tun 1957 aka rufe shi aka kwashe ƙarafan. Turawa ne suka gina shi saboda kuza, ya kai Rahama a 1912 ya kai Jos da Bukuru a 1914, kafin nan a ka ake ɗaukar kuzar ko a jaki. Suna ce masa Bauchi Light Railway alhali ko kusa da garin Bauchi bai je ba, lokacin ne Jos take ƙarƙashin lardin Bauchi. Ɗan siriri ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, na babban layin ƙasar a lokacin kuwa ƙafa 3 da inci 6, shi ya sa da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara mutuwa a hankali.

Mu da ba mu san haka ba mun ɓata kusan awa biyu muna zagaye a gonakin mutane muna duba waya, taswirar ba ta nuna komai, mutumina sai cewa yake nan ne nan ne, har muka faɗa gonar masara da aka girbe ƙarangiya ta cika mana wando. Samarin da muka tambaya dariya suka yi mana, wai wane jirgi kuma. Sai wani dattijo da muka samu a gindin mangwaro yana gyaran fartanya, muka gaishe shi muka ce baba tsohon layin dogo muke nema, ya kalle mu ya ce ai a kansa kuke tsaye. Wallahi kunya ta kama ni. Shi ne ya koya mana yadda ake gane shi, kuma wannan ne abin da nake so ka riƙe: ƙasa za ka dinga kallo. Jirgi ba ya iya hawan tudu kai tsaye, saboda haka duk inda ka ga hanya ta miƙe sumul, an cike kwari an ɗaga shi, an yanke tudu an ratsa, kwana kuma ba ta karyewa sai dai ta lanƙwasa a hankali kamar baka, to shi ne. Hanyar ƙafa ko ta shanu ba ta yin haka. Da idonka ya saba za ka riƙa hango shi tun daga nesa ko da an nome wurin, wani wajen ya zama hanyar 'yan acaba, wani wajen ya ɓace sai ka tsallaka gona biyu uku ka sake tsintar sa. Baban ya ce iyayensa na ba da labarin in jirgin ya zo hawa saboda nawarsa mutum kan iya sauka ya bi shi da ƙafa ya sake hawa, mun yi dariya, amma da muka ga yadda ƙasar ke ɗagawa ta nufi Filato sai na daina musu.

Maganar dutse kuma, kuskurenmu shi ne haɗa su rana ɗaya. Layi ba ya gajiyarwa, kuna tafe kuna hira, mu har rigimar filin gadon gidansu muka warware a hanya. Wannan sauƙin ne ya ruɗe mu, wajen ƙarfe ɗaya muka ce bari mu haye wancan dutsen ga shi nan kusa. Ashe ba kusa ba ne. Fiya wata huɗu suka rage mana, mutumina kuma da silifas ya zo duk da na ce ya sa kambas, a saukowa ɗaya ya tsinke muka ɗaure da leda. Ku ware wa dutse safiyarsa daban, ku fita bayan asuba, kafin sha ɗaya kun sauko. Kuma kar ku hau sai kun je wajen mai unguwa kun gaishe shi kun faɗi abin da ya kawo ku, yankin na ƙabilun Amo da Jere da sauransu ne kuma akwai duwatsun da suke girmamawa ba a hawa haka kawai, ga shi yanzu baƙo biyu da jaka a bayan gari kowa sai ya yi zargi. In ya haɗa ku da yaro ɗan gari ku karɓa ku sallame shi da kyau, shi ya san inda ake bi da inda ba a bi a satin.

Lokaci, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, an yi girbi ciyawa ta kwanta. Da damina ba za ku ga komai ba sai macizai. Hazo ne kawai matsalar, ranar da muka hau ko garin Jengre da ƙyar muke hangowa. Ku tafi da rigar sanyi.

In kun gama ku ƙarasa Jos ku shiga gidan tarihi, akwai tsofaffin kawunan jirgin a ajiye a wajen. Mutumina da ya ga ƙanƙantarsu tsayawa ya yi yana auna tsakanin ƙafafun jirgin da silifas ɗinsa mai leda.