Ke ma sun ce sai kin canja suna?

Ƙanwata, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi tagumi. Kin ce dattawan cocinku sun ƙi yi miki baftisma sai kin canja suna kin ajiye babban mayafi, kina tambaya ko haka manzanni suka yi wa Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, da suka ba da gaskiya. Wayyo, tsohon miki kika fama min.

Shekara 14 ke nan da tubata, amma Kirsimetin farko ya ƙi barin raina. Bayan sujada aka baza tabarmi, aka sauke tukwane. Shugabar zumuntar mata ta lokacin ta zuba min shinkafa, ta ɗora tsokar alade a kai, ta tsaya a kaina da ludayi a hannu. Wai in ci su gani in da gaske na tuba. Mata sun fi ashirin a wurin, ba wadda ta ce uffan. Ni da na baro gidan ubana da kaya kala biyu a leda, kawuna ya rantse ba shi ba ni, ga shi inda na gudo ana gwada ni da nama. Zuciyata ta tashi, na zaga bayan coci na yi kuka har na gode Allah. Shugabar ba ta tsaya nan ba, ta bi gida gida tana cewa turo ni aka yi leƙen asiri. Wata shida in na zauna a benci sai in ga ana matsawa. Na yafe mata, Allah ne shaida, amma har yau in na ga ludayin silba mai dogon hannu sai gabana ya faɗi.

To, an yi rigimar a zamanin manzanni, ba kaɗan ba. Bitrus kansa da ya dawo daga gidan Karniliyus, hafsan sojan Roma a Kaisariya, titsiye shi aka yi a Urushalima: me ya kai ka gidan marasa kaciya har ka ci abinci da su? Kin gani, tun can a bakin akushi abin yake fitowa. Daga baya wasu suka zo Antakiya daga Yahudiya suna cewa ba ceto sai da kaciya. Bulus da Barnaba suka ce ba su san zancen ba, gardama ta yi zafi, aka tura su Urushalima, wajen shekara ta 49. Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 15 ki bi a hankali. Ba a ɗaki aka ƙulla ba, a gaban jama'a aka yi. Masu bi na ɓangaren Farisiyawa suka faɗi nasu. Bitrus ya miƙe ya ce Allah ya ba mutanen nan Ruhu Mai Tsarki kamar yadda ya ba mu, don me za a ɗora musu karkiyar da mu da kakanninmu muka kasa ɗauka? Yakubu, ɗan'uwan Yesu, ya kawo maganar annabi Amos, ya ce kada a wahalar da su. Abu huɗu aka ce su guje wa: abin da aka miƙa wa gumaka, jini, naman dabbar da aka maƙure, da fasikanci. Aka rubuta wasiƙa, aka haɗa Bulus da Barnaba da Yahuza Barsaba da Sila don kada a ce Bulus ne ya shirya abinsa. Ki duba ko akwai suna ko mayafi a ciki. Titus Bahelene ne, ya shiga Urushalima tare da Bulus, ba wanda ya tilasta masa kaciya.

Sai dai zuciyar ɗan Adam sai a hankali. A Galatiyawa sura 2, Bitrus ɗin nan yana cin abinci da Al'ummai a Antakiya, da wasu suka zo daga wurin Yakubu sai ya janye jiki, har Barnaba ya bi sahu. Bulus ya tsawata masa ido da ido. Ran da na fara karanta wurin nan dariya na yi da hawaye, na ce ashe matsawa a benci tsohon ciwo ne.

Kada ki je wurin dattawan ke kaɗai. Ni wata tsohuwa ce ta cece ni, mai sayar da daddawa, ko karatu ba ta iya ba. Ita ta riƙa zama kusa da ni, ita ta ja hannuna har gaban fasto ta ce a tara su a yi maganar kowa na ji. Ki nemi irinta. Ki roƙi a buɗe sura 15 ɗin a wurin zaman, ki yi magana da ladabi, kada ki ɗaga murya, jira suke ki ɗaga. In kuma ke da kanki kika ga za ki sassauta wani abu don zaman lafiya, ba laifi, ai Bulus ya yi wa Timoti kaciya saboda Yahudawan yankin. Amma da ganin damarki, ba da ludayi a kanki ba.

Af, wa ke ciyar da ke yanzu? Ba ki faɗa ba, kuma shi ya fi damuna. Ko a Urushalima an manta da gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci, sai da aka yi gunaguni aka zaɓi mutum 7, har da Istifanas. Ki kama sana'a ko ta ƙuli-ƙuli ce, kada ki dogara da baikon kowa. Ki faɗa min ta akwatin saƙo ko kina da wurin kwana, ni ban canja sunana ba, za ki gane ni da shi.