Re: Wace unguwa ce kusa da Abuja mai sauƙin haya ga mai iyali?

Malam, ka tambayi inda za ka kama haya da iyalinka ba tare da kuɗin Wuse ko Garki sun karya ka ba. Ni dai Kubwa ko Lugbe zan ce. Mararaba da Nyanya sun fi araha, amma cunkoson titin Keffi da safe na cinye mutum, ga yara da makaranta.

Kafin ka biya, je ka ga gidan da damina, ka duba ko ruwa na kwanciya a layin. Tambayi maƙwabta batun wuta da ruwan sha, don unguwanni da yawa sai mai ruwa. Kuma ka sani, yawanci kuɗin shekara ake nema gaba ɗaya, ban da na dillali da na lauya.