Uwata, kakanki yana cikin rumbu ranar da aka yi rubutun

Uwata, saƙonki ya iso, ƙaninki ya karanta mini bayan la'asar. Kin ce ƙawarki ta makaranta a Ingila ta bi littattafan coci da na ƙidaya ta gano kakanninta har na bakwai, kina tambaya ina za ki je ki samo namu. Na yi murmushi, can kuma jikina ya yi sanyi.

Su ai tun 1538 aka umarci limaman cocinsu su riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma da wanda ya yi aure da wanda aka binne, tun ƙidayar 1841 kuma ake sa sunan kowane mutum na cikin gida. Mu kuwa ran bakwai ake yanka rago, a raba goro, maroƙi ya yi shelar suna, waɗanda suka halarta su ne littafin. Na baftisma a wajenmu sai wurare irin Wusasa. Takardun lardi da na gunduma na zamanin Turawa suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, in kin je za ki ga hakimai da dagatai da jimillar haraji. Amma bari ki ji yadda ake rubuta talaka.

Ina ɗan shekara takwas ko tara, an gama girbi, malamin haraji ya iso garinmu a kan keke. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gidan dagaci, ya buɗe wani ƙaton littafi a cinya, kwalbar tawada a gefe, mai unguwa na tsaye yana kiran masu gida ɗaya bayan ɗaya. Yayana, wato kakanki, lokacin ya yi tsawo, gashin baki ya fara tsiro, duk wanda ya gan shi zai ce baligi ne, ga shekarar ba ta yi albarka ba. Inna, mai sunanki, ta kama hannunsa ta tura shi cikin rumbun gero, ta mayar da murfi. Ni aka sa gadi, aka ce in na yi tari ya yi lamo. Tun hantsi yake ciki har aka kira azahar. Da ya fito idanunsa sun yi jawur, jikinsa duk ya yi rudu-rudu saboda ƙaiƙayi, Inna na shafa masa man shanu tana hawaye. A littafin nan namiji ɗaya aka rubuta a gidanmu, wato maigidan, shi ma da laƙabinsa, Tanko, don har mai unguwa bai san sunansa na yanka ba. Sai 1979 gwamnatin Rimi ta soke haraji a Kano. To wa za ki nema a takardar?

Abin da ya sanyaya mini jiki daban ne. Inna takan ce garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Sai 1936 doka ta kashe bauta gaba ɗaya a Arewa, kuma akwai gidajen da muka zama ɗaya da su, aka yi auratayya, manya suka rufe bakinsu da gangan. Ku kuwa yanzu abin da kuka ji da safe, kafin azahar yana Facebook, har ya zama abin gori. In kin ji irin wannan, ki bar shi a cikinki.

Abin da na riƙe kaɗan ne: mu Agalawa ne, fatake, kakan Baba da jakuna yake zuwa Gwanja sarin goro, har Salaga. Inna ta san sunayen danginmu duka, tana lissafa haihuwarsu da shekarar yunwar Kakalaba da shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, wato 1911. Shekara arba'in ina gaishe ta kullum safiya, ban taɓa zama na ce ta jero mini su ba. Wannan yana cina har yau.

Saura Gwaggo, ita ta yi zaman ɗaki da Inna. In kin zo hutu ki tafi mata da turare da goro fari, ki je da hantsi kafin ta gaji. Kada ki ɗora mata waya a baki, ki zauna a ƙasa ki taya ta tsince shinkafa, ki tambaye ta wa ya kai Inna ɗakin miji. Ki gaishe ta kafin ki ce komai, ki kuma ɗaga murya, kunnenta na hagu ya yi nauyi.